Idon Aikin Mai Agogo

Mai Agogo yana da idanu biyu kamar kowa, amma da ɗaya yake neman abincinsa. Tun yana saurayi ya saba maƙala ɗan gilashin nan mai ƙara girman abu a idon dama, ya runtse na hagu, ya sunkuya a kan teburinsa. Na daman shi yake kira idon aiki. Na hagun kuwa, in ji shi, na kallon hanya ne da gaisawa da jama'a.

Shagonsa ɗan ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani bene. Abin da ke ciki bai wuce tebur ɗaya ba, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da hantsaki, da ƙananan sukundireba a cikin gwangwani, da farin ƙyalle da yake shimfiɗawa don kada noti ya gangara ya ɓace. A gefensa akwai mai gyaran takalmi, wanda suka tsufa tare suna tsokanar juna. Shi ne ya fara lura.

"Wai me na yi maka kake zare mini ido tun safe?"

"Ni? Titi nake kallo."

"To, titin ma ya tsorata. Ka nemi madubi, ka koma mujiya."

Da ya je gida ya nemi madubin. Gaskiya ne, idanun sun ɗan turo waje, fatar ido ta sama ta ja baya, har fari ya bayyana a saman baƙin. Matarsa ta ce ai ita ta daɗe da gani.

"Ko barcin rana kake yi, Maigida, idon ba ya rufewa duka. Sai in riƙa tafiya a hankali, ina tsammanin gadina kake yi."

Mai Agogo mutum ne da ba ya iya ganin abu a rufe ya ƙyale shi. Tun da ba shi da hanyar buɗe bayan idonsa ya leƙa, sai ya shiga gwada shi kamar yadda yake gwada agogon da aka kawo. Ya gano cewa idan ya ɗaga kai ya dubi agogon bango, sai ya ga biyu, ɗaya a saman ɗaya. Idan ya sunkuya, sai su haɗe. Idan ya rufe ido ɗaya, ko wanne ne, sai na biyun ya ɓace. Wannan ya ba shi mamaki, ya kuma kwantar masa da hankali, domin aikinsa na sunkuye ne, kuma na ido ɗaya. Ya yanke cewa ciwon na waje ne, bai shafi tebur ba.

Sauran abubuwan kuwa ya nema wa kowanne dalili. Ƙaiƙayin da yake ji kamar an zuba masa yashi a ido, da hawayen da ke zuba ba kuka, ya ɗora wa hasken fitila. Ramar da ya yi da zufar da ke jiƙa masa riga ya ɗora wa zafin shago. Rawar hannu ya ɗora wa shayi da sigari, ya koyi dafa tsintsiyar hannunsa a bakin tebur kafin ya ɗauki hantsaki.

Ana nan, wata rana wata mata ta kawo agogon mahaifinta, tsohon agogo irin wanda ake murɗawa da hannu. A cikin irin waɗannan agogunan akwai 'yan duwatsu jajaye, ƙanana ƙwarai, waɗanda ƙafafun injin ke juyawa a kansu. Mai Agogo yana son ganinsu fiye da komai a sana'ar. Ya buɗe murfin, ya maƙala gilashi, sai ya ga duwatsun sun koɗe, sun yi launin ragowar shayi. Ya yi tsaki, ya ce a ransa wani maras tsoron Allah ya cire na ainihi ya sa jabu.

Don ya kwatanta, sai ya kwance nasa agogon, wanda babu hannun da ya taɓa shiga cikinsa sai nasa. Su ma sun koɗe.

Ya kira mai takalmin, ya miƙa masa gilashin. "Leƙa nan ka gaya mini launin da ka gani."

Mai takalmin ya goge hannunsa a wando, ya leƙa. "Ja ne wur. Ko jarrabawa ake yi mini da tsufana?"

Mai Agogo ya karɓi gilashin, ya yi abin da bai taɓa yi ba tun da ya koyi sana'a: ya maƙala shi a idon hagu. Da ƙyar ya zauna, domin fatar wurin ba ta saba riƙe shi ba. Duwatsun suka fito jajaye, suna ƙyalli. Ya mayar da shi dama, suka dushe. Ya yi ta sauyawa daga wannan ido zuwa wancan, yana murmushin wanda ya kama bakin zare. Sai da ya ajiye gilashin sannan murmushin ya ɗauke, domin ya gane cewa abin ya iso tebur, kuma idon aiki ya kama. Ya ja ƙofar shagon da rana tsaka.

Likitar idon da ta duba shi ba ta wuce sa'ar 'yarsa ba. Ta auna yadda idanun suka turo, ta nuna masa jan murfin kwalba a kowane ido, ta shafa gaban wuyansa, ta sa ya miƙe hannuwansa ta ɗora takarda a kai. Takardar ta yi ta karkarwa. Bayan an gwada jininsa an ɗauki hoton cikin kansa, ta zaunar da shi da matarsa.

"Baba, tushen abin a wuya yake, a wata 'yar tsoka da muke kira tayirod, wadda idan ta kumbura ake cewa maƙoƙo. Garkuwar jikinka ce ta rikice. Ta tsokani wannan tsoka har tana aiki fiye da kima, shi ya kawo rama da rawar hannu. Ta kuma afka wa naman da ke bayan idanunka, ya kumbura."

"Me ya sa nake ganin biyu?"

"Tsokokin da ke juya idon sun yi kauri, sun ƙi miƙewa. Ɗaya ya ɗaga, ɗaya ya maƙale, kowanne ya kawo maka hotonsa."

"Jan kuma ina ya tafi?"

"Wannan ne ya fi damuna. Ramin ido ƙashi ne, ba ya buɗewa. Kumburin ya matse jijiyar da ke kai gani ƙwaƙwalwa, launi ne kuwa yakan fara gudu. Idan aka bari, sauran ganin ma zai bi shi. Sigari kuma daga yau ka sallame ta, tana hura wutar ciwon."

"Ki maimaita da ƙarfi, Likita," in ji matar. "Ni na faɗa har bakina ya gaji."

Aka sa masa magani ta ƙarin ruwa, aka ba shi ƙwayoyi na wuyan da maganin ɗigawa na bushewar ido. Rawar hannun ta ragu, ƙaiƙayin ya lafa. Amma duk lokacin da aka nuna wa idon dama murfin kwalbar, a koɗe yake ganinsa. Daga ƙarshe likitar ta ce sai an yi aiki, a rage ƙashin ramin don jijiyar ta sami sarari. Ta kuma gaya masa gaskiya, cewa ana sa ran ganin zai dawo, amma ba ta yi masa alkawari ba.

Shi kuwa ya roƙi a juyo masa da hoton cikin kansa. Ya matso, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallon bayan idonsa: ga ƙwayar, ga tsokoki sun yi ɓul-ɓul, ga 'yar jijiya a tsakiya an matse ta.

"Ta ina za a shiga?"

"Ta hanci."

"Ta hanci," ya maimaita a hankali, kamar mai jin daɗin dabarar. "Ba sai an cire gilashin gaba ba ke nan. Wa zai riƙe ƙarfen?"

"Ni ce, tare da likitan hanci."

"To, 'yata, miƙo hannuwanki."

"Maigida, ka ji kunya mana," in ji matar.

Likitar ta yi dariya, ta miƙe hannuwanta. Ya ɗauki takarda daga teburinta ya ɗora a kai, ya sunkuya daidai da ita yana kallon gefenta. Takardar ba ta motsa ba. Ya ɗauke ta, ya mayar inda ya samo ta.

"Ki sa rana," ya ce. "Amma shi ma na hancin a kira mini shi in gani."