Farcen Baba

Ni na yanke wa Baba farce, kuma har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kwanansa tara a asibiti bayan hawan jini ya kayar da shi, hannunsa na dama ya yi nauyi. Ina zaune gefen gado ba aikin yi, sai idona ya faɗa kan babban yatsansa. Farcen nan ya yi tsawo, ya yi kauri, ga baƙin mai a ƙarƙashinsa. Na ce a raina yanzu 'yan dubiya za su zo su ce mutum da 'ya'yansa amma an bar shi kamar ba shi da kowa. Yana barci na ciro abin yankan farce daga jaka, na bi yatsun goma na gyara su tsaf. Har wani daɗi na ji, wai ni 'yar kirki. Da ya farka ya ɗaga hannun ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa min albarka.

Baba kafinta ne, shekara arba'in da wani abu yana aikin katako kafin ya ajiye. Ba ya shan taba, ba ya zaman majalisa. Abinsa ɗaya ne a duniya, wuƙaƙen aljihu irin na da, masu naɗewa, waɗanda ake tura bakinsu ya koma cikin mariƙi. Guda ashirin da bakwai gare shi a cikin wata durowa da ya ƙera da kansa, kowace da gurbinta a kan ƙyalle kore. Akwai mai mariƙin ƙashi, akwai ta ƙaho, akwai wata ta katako da ta yi baƙi don shafa. Kowace tana da baki biyu ko uku, kuma a wurin Baba kowane baki da aikinsa. Babba na katako ne da igiya. Na tsakiya na feƙe fensir. Ƙarami na lemo ne kawai, in ka kuskura ka yanka kwali da shi, to ranar sai ka gwammace ba a haife ka ba. Duk safiya yakan zaɓi ɗaya ya sa a aljihu, kamar yadda wasu ke zaɓen hula. Marigayiya mahaifiyarmu takan ce da wuƙaƙen nan suna girki da tuni ya sallame ta.

Ranar da aka sallamo shi, ni da Yaya muka kai shi ɗakinsa, ciki da falo a saman wani shagon fenti, inda ya zauna da mahaifiyarmu har ta rasu. Yaya shi ne babba a cikinmu, ni ce auta. Tun a mota yake ta kewaye-kewaye, wai gidansa da fili, wai akwai ɗaki a ƙasa babu hawan bene. Likita dai ya ce in Baba yana iya ƙananan abubuwa da hannunsa, zai iya zama shi kaɗai, a riƙa leƙo shi. Baba kuwa ya ce daga ɗakin nan sai kabari. Matar Yaya ta riga ta faɗa, kuma ban ga laifinta ba, cewa da yara ƙanana uku a gida, in Baba ya dawo wurinsu durowar nan ba za ta shiga ba.

Muna zama Baba ya ce in miƙo masa lemo. Ya jawo durowa da hagu, ya ɗauko mai mariƙin ƙaho, ya kai babban yatsan dama kan ƙaramin bakin. Yatsan ya zame. Ya sake, ya sake zamewa. Sau biyar ina ƙirgawa. Ya ajiye wuƙar a kan cinyarsa ya ce ya fasa shan lemon.

A kan matakala Yaya ya tsayar da ni ya ce na gani da idona, mutumin da ya kasa buɗe abin da yake buɗewa tun kafin a haife mu, ina zai iya da ashana da makulli. Ƙarshen mako zai zo da mota ya ɗauke shi.

Sai da na koma sama zan rufe durowa na ɗauki wuƙar don in mayar da ita. A jikin kowane baki akwai ɗan tsagi siriri, wurin da ake saƙala farce a jawo. Na saƙala nawa, bakin ya buɗe ƙas. Na dubi yatsan Baba, ga shi nan sumul, ni da kaina na mayar da shi haka. Shekara talatin ina ganin farcen nan ina ɗauka ƙazantar tsufa ce, ashe kayan aiki ne.

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa wa Yaya ni ce na yanke ba?"

Ya ce, "Ke da kika yi don Allah, sai in tona ki a gaban yayanki?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Ko mayafi ban gyara ba na sauka da gudu, na tarar da Yaya yana tayar da mota. Na faɗa masa komai. Ya ce in daina neman dalili. Raina ya ɓaci, na miƙa masa wuƙar ta taga na ce to bismilla, shi mai lafiya ya buɗe. Yaya tun yana yaro yake cin farcensa, har yau bai daina ba. Ya yi ta fama, ya juya ta nan ya juya ta can, har ya kai ta baki zai sa haƙori. Na ce ashe shi ma a nemo masa ɗaki a ƙasa. Dariya ta ƙwace masa ba don ya so ba. A ƙarshe ya ce ya ba mu wata ɗaya. In farce ya fito Baba ya buɗe wuƙarsa a gabansa, magana ta mutu.

Wata ɗayan nan ban taɓa kallon wani abu a rayuwata kamar yadda na kalli yatsan nan ba. Kullum in na taso daga makarantar da nake koyarwa sai in biya ta wurinsa. Kafin in gaishe shi na riga na kama hannun ina dubawa, har ya fara ce min malamar farce. Ina kai shi asibiti gashin hannu sau biyu a mako. Ni nake buɗe masa wuƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, shi kuma ya ɗiga musu man keken ɗinki a gaɓa, ya goge da tsumma, yana ba ni labarin inda ya samo kowace. Ban taɓa cewa ya gwada ba. Na ce a bari ya fito sosai, kada ya karye a koma baya.

Ranar da Yaya zai zo na isa da hantsi, na share falon, na jera lemo uku a faranti. Farcen ya fito, ya ma fi na da kyau. Ina ta surutu ina tsara yadda za a yi, wai ya ɗauki ta katakon nan don ta fi laushi. Baba yana zaune a kujerarsa yana kallona har na gaji.

"Auta, zauna," ya ce. "Tun makon jiya nake gwadawa in kin tafi. Farcen yana kamawa. Yatsan ne ba ya ja."

Na ce ƙarya ne, Allah ya yafe min, haka na ce wa ubana. Sai ya ɗauki ta katakon ya nuna min. Farcen ya shiga tsagin daram. Hannun ya yi rawa, jijiyar wuyansa ta tashi, bakin ya ɗago kamar faɗin zare ya koma.

Na durƙusa a gabansa na ce akwai dabara. Zan ɗan buɗe ta in saƙala tsinken ashana a ciki, yadda da ya taɓa za ta tashi, Yaya ba zai lura ba. Ya ce to gobe da safe fa, wa zai saƙala masa tsinken. Ya ce jiya ma kofin shayi ya suɓuce masa ya fashe, ya share kwalaben da hagu don kada in gani. Na fara kuka, na ce ba na so ya bar ɗakin nan, ni ce na jawo. Ya ce ban jawo komai ba, wata guda na ƙara masa a ɗakinsa, kuma ya ji daɗinsa.

"Abu ɗaya nake so," ya ce. "In ya shigo, ni zan faɗa masa da bakina. Kada ki riga ni, kada kuma a sa ni in gwada a gabansa."

Na ce to. Ya mayar da wuƙar gurbinta, ya tura durowar da gwiwa. Muka ji tsayuwar mota a ƙasa, sannan takun Yaya a kan matakala, yana hawowa a hankali. Ya ƙwanƙwasa. Ni kuwa ina nan durƙushe a gabansa.

Baba ya dafa kaina da hannun nan mai nauyi ya ce, "Share fuskarki ki buɗe masa. Ƙofa dai ba ta neman farce."