Nonon Khala Azumi

Badaru bai taɓa zaton zai zauna a kujerar masu yanke hukunci ba. Duk ƙuruciyarsa a bayan sitiyari ya ƙarar da ita, yana jigilar masu ziyara tsakanin Harami da masallacin Ƙuba, har gwiwa ta fara yi masa gardama ya ajiye makulli. Da yake mutum ne da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, sai ƙungiyar Hausawan unguwar Ƙurban ta sa shi cikin mutum biyar da ke sauraron ƙara idan wani ya karya dokar taro.

Ƙungiyar tana hayar istiraha a bakin gari, wani fili mai katanga da 'yan bishiyoyin dabino, inda iyalai ke haɗuwa duk Juma'a bayan la'asar. Mata kan kawo masa da dambu da kilishi su sayar a ɓangarensu. Doka ɗaya ce mai zafi a wurin. Baladiyya, wato hukumar birni, ta hana sayar da madarar da ba a dafa ba, don haka ƙungiya ta ce duk wanda ya sayar da ita a taro, shekara guda zai yi bai taka filin ba.

Wadda dokar ta fara kamawa kuwa Khala Azumi ce (khala da Larabci inna ke nan), dattijuwa mai awaki a wata 'yar gona ta wajen kwarin Aƙiƙ. Kakanta ya zo hajji a ƙafa daga Damagaram ya zauna, ita kuma ta gaji yin nono daga uwarta: a tatsa, a rufe a ajiye ya kwana, babu ruwansa da wuta. Rabin unguwar da nononta suke dama fura, Badaru na cikinsu.

Usama ne ya kai ƙara, sakataren ƙungiya, matashi mai aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Ranar zaman, aka shimfiɗa darduma a majalisar istiraha, mata suka zauna ta wajen ƙofa. Usama ya miƙe yana haɗa Hausa da Larabci.

"Ya ammi, baffannina, ni ba ni da mushkila da Khala, ita ta goye ni. Amma ina ganin masu zazzaɓin ɗanyar madara a wurin aiki. Kuma in baladiyya ta zo ta gani, istirahar gaba ɗaya za a rufe."

Aka juya ga Azumi, aka tambaye ta ko ta sayar.

"Na sayar mana," in ji ta. "Ga Badaru nan, ku tambaye shi. Gora biyu ya ɗauka wancan sati, har yana cewa in ƙara masa."

Aka kwashe da dariya. Badaru ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Mutum biyar ɗin suka keɓe ƙarƙashin dabino. Malam Surajo, wanda ya zo daga Kano yana koyarwa a jami'a, shi ya fara magana. Ya ce magana a fili take, matar ta amsa da bakinta, doka kuma ba ta ba su damar rage hukunci ba. Radiyya, tsohuwar malamar makaranta, ta ce to ai shekara ba wasa ba ce. Tun da mijin Azumi ya rasu, Juma'ar nan kaɗai take ganin mutane.

"Ba dai za mu ce ba ta sayar ba," in ji Malam Surajo. "Ƙarya ke nan."

Badaru ya daɗe yana murza wani busasshen dabino a hannu. Shi bai iya dogon zance ba, kuma yana jin nauyin malamin. Ya san yaron nan Usama gaskiya ya faɗa. Amma da ya tuna da dattijuwar zaune ita kaɗai cikin awaki ranar Juma'a, su kuma da suka sha nonon suna nan suna cin masa, sai abin ya ƙi kwanta masa.

"Malam, kada mu ce ba ta sayar ba," ya ce a hankali. "Mu ce ta sayar, mu kuma mun saya. Amma ba mu yarda a kore ta ba. In dokar tana son kora, ta nemi wasu mutum biyar."

Malam Surajo ya yi murmushi. Ya ce ya taɓa karanta cewa a wasu ƙasashe ana tara mutanen gari su saurari shari'a, wani lokaci su ga mutum ya aikata, amma su ƙi kama shi saboda hukuncin ya fi laifin girma. Bai san yau zai gani da idonsa ba. Ya ɗaga hannu alamar ya yarda, sauran suka bi.

Badaru aka sa ya sanar. Ya miƙe ya faɗi abin da suka yanke. Mata suka hau tafi ta wajen ƙofa. Usama ya ce, "Tayyib, na ji. To baladiyya fa?"

Kafin wani ya amsa, Azumi ta yafito shi da hannu.

"Zo nan, ɗan nan. Da kora kuka yi, wallahi ko da tukunya ba zan kalla ba. Amma tunda ba a kore ni ba, ka zo gona gobe ka nuna mini yadda kake so a dafa. Ka taho da abin awon zafin nan naka."

Ya je. Suka ɓata madara tukunya guda suna musu, ita tana cewa ya ƙona, shi yana cewa bai ma yi zafi ba. Daga baya suka daidaita, shi kuma ya shiga bin ofisoshi yana nema mata izini. A taron wata mai zuwa ƙungiya ta sauya dokar, aka ce gargaɗi ne farko, kuma mai saye ma yana da nasa kason.

Ranar da dafaffen nonon ya fara zuwa istiraha, Badaru ya aika aka sayo masa gora ɗaya. Ya kurɓa, ya ɗan yamutsa fuska, ya leƙa ta ƙofar mata.

"Khala, ba kamar na da ba."

"To ka sayi akuyarka," in ji Azumi ba tare da ta ɗago ba.

Ya koma gida da maganar a ransa, har ya fara tambayar kuɗin akuya mai shayarwa. Matarsa ta saurare shi har ya gama, sannan ta tuna masa cewa a hawa na uku suke zaune.