Dillalin Ƙofar Asibiti

Uranchimeg ta kasa zama. Ta kai ƙarshen baranda, ta dawo, ta sake leƙawa ta gilashin ƙofa. Likitoci sun fuskanci wani babban allo mai ɗauke da hoton hantar mahaifinta, a gefensa ga fuskokin wasu likitocin suna magana daga cibiyoyin ciwon daji na Koriya da Japan. Duk mako ake wannan zama, a baje cutar da ta yi wuya, a haɗa kai a kanta. Yau layi ya zo kan mahaifin nata, Dashnyam, makiyayin da bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin siminti ba sai da ciwo ya kawo shi babban birni, Ulanbator.

Da safe sun yi cacar baki da yayanta Ganzorig. Wani mai kwat da takalmi mai sheƙi, cikin masu shawagi a ƙofar asibiti suna farautar 'yan jinya, ya yi masa romon baka da wani asibiti a tsallaken iyaka, inda allura ke narkar da ƙari ba tare da wuƙa ba.

"Likita a talabijin!" in ji Ganzorig. "Ta allon zai taɓa cikin Baba?"

"Yaya, yau ɗaya dai, ka bari su gama."

"Kullum yau ɗaya. Duk mai zuciya waje yake kai nasa. Mu ne 'ya'yan banza?"

Mahaifinsu na kwance, yana ta murza bakin bargo.

* * *

Ƙofa ta buɗe, Likita Narmandakh ta fito tana cire tabarau.

"Albishirinki. Ƙarin bai bazu ba. Bakinmu ya zo ɗaya, a nan za a yi aikin, wadda ta koyar da mu daga Koriya za ta zo ta tsaya a kai. Amma fa kada a yi jinkiri, ya kusa kama jijiya."

Uranchimeg ta haye matakala da gudu. Ta tarar da gado wayam.

"Ai sun fita, 'yata," in ji tsohuwar da ke jinyar mijinta a gadon kusa. "Wai shan iska. Ni dai ban taɓa ganin mai shan iska da akwati ba. Tsohon ya yi ta waiwaye."

Ta yi ta kiran wayar yayanta. Da ƙyar aka ɗauka, ƙarar jirgin ƙasa na cika mata kunne.

"Yaya, ku sauka a tasha ta gaba! Za a yi aikin, sun ce zai tashi!"

"Dama mutumin ya ce haka za su ce."

"Ba ni Baba!"

Muryar ta zo a raunane. "Kada ku yi faɗa a kaina, 'yar Baba. Yayanki ya riga ya sayar da dawakai, ba zan kunyata shi ba. Ga mu muna ratsa makiyaya. Ciyawa ta yi kyau bana."

Layin ya yanke. Ta sake kira, waya ba ta shiga.

Ma'aikaciyar jinya ta zo ta yaye zanen gadon, ta shimfiɗa sabo. A bakin ƙofa wani mutum ne goye da mahaifiyarsa, yana jiran Uranchimeg ta matsa.