Goɗiya Mai Lasar Bango

Tun da goɗiyar ta haihu take lasar bangon barga, har farar ƙasar da aka shafa ta goge daidai tsayin bakinta. Tsohon da ke kiwonta ya ce iskanci ne, ya ɗaura mata takunkumi.

Matar ɗansa, wadda kowa ke kira Maijego tun haihuwarta wata huɗu da suka wuce, ita ke kai ruwa barga kullum da safe, da goyo a bayanta. Ita ce ta fara lura da ɗan duƙushin. In ya tashi shan nono sai ƙafafunsa na gaba su yi rawa, gwiwoyin sun ɗan kumbura. Ta san dokin da ƙafa ta kasa ba ya daɗewa.

Ta durƙusa ta gaida surukinta, ta yi ta murza bakin zani.

"Baba, da an cire mata abin nan."

"Ta cinye mini ginin? Ingirici har wuya, dusa kwano biyu. Ni kaina ban samu wannan gatan ba."

"Ba yunwar ciki ba ce, Baba." Ta sunkuyar da kai. "Lokacin da nake da cikin wannan, ni ma na ci ƙasa. A ɓoye."

Tsohon ya yi tari, ya juya yana gyaran igiyar da ba ta kwance ba.

"A asibiti suka ce jikina ne ke neman abin da babu a abincina."

"To, yanzu awo za ki kai ta?"

Ba ta yi dariya ba. Ta damƙi ingirici ta ƙulle a tsohon ɗankwali, ta hau mota zuwa wurin likitan dabbobi. Ya sansana ciyawar, ya tambayi inda aka yanko ta, ya ce za a aika da ita gwaji.

Bayan kwana tara likitan ya zo da kansa, da takarda a hannu. Ciyawar fadamar da ruwa ya wanke ce, in ji shi, ga ta da kyau a ido amma sinadarin kalsiyam da ke gina ƙashi kaɗan ne a cikinta. Dusa mai yawa kuma hana jiki ɗaukar ɗan abin da ke akwai take yi. Uwar tana zaro sinadarin daga ƙashinta tana zuba wa ɗanta a nono, duk da haka bai isa ba. Shi take nema a farar ƙasar bangon.

Tsohon ya dubi goɗiyar.

"Dusar nan don tausayi nake ƙara mata," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Goɗiyar ta sani, Baba," in ji Maijego.

Likita ya ce a rage dusa, a haɗa da harawa, a rataye dutsen gishiri. Ya daɗe yana taɓa gwiwoyin duƙushin.

"Zai miƙe?" ta tambaya.

"Ƙashinsa ɗanye ne. Kun zo da wuri."

Sati shida bayan haka, Maijego tana ajiye bokiti sai duƙushin ya zabura, ya zagaye barga a guje, ya yi harbi ya kifar da ruwan kaf a ƙafafun tsohon.

"Kai, ja'iri!" in ji tsohon. "Ɗiyata, ɗebo wani. Bari ya sake kifarwa."