Ɗaya Bisa Biyar

Shekara goma sha tara ke nan Marlys Hovland tana shugabantar ofishin yamma na hukumar kula da bankuna ta jiha, kuma a duk shekarun nan babu banki ko ɗaya da ya durƙushe a hannunta. Ofishin ɗakuna uku ne a saman wani kantin kayan noma a garin Norvik. Su huɗu ne a ciki, suna zagaya bankuna ashirin da shida, yawancinsu ƙanana, irin waɗanda mai bankin ya san har sunan karen kowane manomi. Tana son aikinta ƙwarai. Tana son doguwar hanyar nan da safe, gonakin alkama hagu da dama, fulas ɗin kofi a gefenta, rediyo yana karanto farashin shanu. Da za a bar ta, a nan za ta tsufa, don gidanta ba shi da nisa da ofis, kabarin mijinta kuma yana nan bayan coci.

Sai majalisar dokokin jiha ta fito da sabon salo, wai a auna kowace hukuma a ga abin da take tsinanawa. Ba laifi, wanda ake biya da kuɗin haraji ai dole a tambaye shi. Amma ta yaya za ka auna aikin mutumin da nasararsa ita ce kada komai ya faru? 'Yan babban birni dai ba su rasa dabara ba. Suka ɗora aikin a wuyan wani Curtis Baumgartner, ma'aikacin ofishin bin diddigi. Mutumin kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ko ruwa ake tsugawa a kansu sai sun duba takarda kafin su yarda.

Ma'auni biyu ya kawo. Na farko, kwana nawa kowane ofishi yake ɗauka yana binciken banki. A nan ofishin yamma ne na ƙarshe, amma shi da kansa ya yi musu uzuri, tunda tsakanin wani banki da wani sai ka yi awa uku kana tuƙi. Na biyun ne ya ja musu. Duk bankin da aka gama bincika, ana aika masa da fom ya ba masu binciken maki, daga ɗaya zuwa biyar. Sauran ofisoshi suna samun huɗu ko biyar. Ofishin Marlys kuwa shekara da shekaru ɗaya ne, in an yi sa'a biyu. Curtis ya rubuta shawararsa: a rufe ofishin yamma, a mayar da ma'aikatan babban birni, tafiyar mil ɗari uku. Abin da ya rage kawai shi ne ya kwashe yini guda tare da su, kamar yadda ƙa'ida ta tanada, sannan ya sa hannu.

Makin nan ba baƙo ba ne a wurin Marlys. Duk watan Janairu ana aiko mata da kwafi, ta karanta ita kaɗai, ta jefa a durowa. Abin yana ci mata rai, ba ta dai taɓa faɗa wa kowa ba. Mutanen da take haɗuwa da su a biki da jana'iza, su yi mata fara'a, su tambayi lafiyar jikokinta, ashe in ta juya baya, maki ɗaya suke rubuta mata.

Ranar Talata da hantsi ta ɗauko Curtis a tsohuwar a-kori-kurarta, suka nufi Ostby, inda za su fara binciken bankin garin.

"Misis Hovland, kada ki ɗauka da wata manufa na zo," in ji shi, yana gyara jaka a kan cinyarsa.

"Kira ni Marlys, kowa haka yake kirana. Manufa kuwa ai na karanta ta, shafi tara ce."

"Alƙaluma ne suka nuna haka."

"To, Allah ya ƙara musu basira. Riƙe fulas ɗin nan, akwai rami a gaba."

Mai bankin Ostby, Orville Stroh, dattijo ne ɗan shekara saba'in da takwas, ya gaji bankin daga ubansa, ya kuma gaji kaifin baki. Yana tsaye a ƙofa suka iso.

"Oho, ga annoba ta sauka!" ya ce. "Marlys, har yanzu ba su yi miki ritaya ba? Wannan kuma wane ne, sabon ɗan riƙon jaka?"

"Wannan Mista Baumgartner ne, ni ya zo bincika. Yau kai da ni duk a tukunya ɗaya muke."

"Madalla! Ashe akwai adalci a ƙasar nan. Shigo, ɗana, shigo. Kai dai za ka sha kofi, ko? Ita wannan ko ruwan famfonmu ba ta taɓa sha ba, wai kada a ce mun saye ta."

Marlys ta zauna ta buɗe fayiloli. Curtis kuwa ya ciro fom ɗin bara ya shimfiɗa a gaban dattijon. Tambayoyi biyar, kowace an zagaye mata ɗaya, da ƙarfi har biro ya kusa huda takardar.

"Mista Stroh, so nake na ji daga bakinka. Me take yi muku da ya kai haka?"

Orville ya dubi fom ɗin, ya dubi Marlys, ya sosa ƙeya.

"Me za a yi da amsar?"

"Za ta shiga rahoto. Saboda makin nan na ba da shawara a rufe ofishin Norvik."

"A rufe me?"

"Ofishin yamma. Za a riƙa turo muku masu bincike daga babban birni, waɗanda bankuna suka fi gamsuwa da su."

Dattijon ya nemi kujera ya zauna. Duk barkwancin nan ya gudu daga fuskarsa.

"Kai, mun yi aika-aika," ya ce a hankali. "Yaro, ai don kada a ɗauke ta muke yin haka."

Marlys ta ajiye biro.

Sai ya warware musu zancen. Kafin zuwan Marlys, wani Gene Lindahl ne yake riƙe da ofishin, mutum mai gaskiya da sanin aiki. Da aka fito da fom ɗin, bankunan yamma suka yi ta zuba masa biyar, don sun ga ya cancanta. 'Yan babban birni suka ce a'a, mai binciken da bankuna ke so haka ai ya zama ɗan gida, suka ɗauke shi. Wanda aka turo a madadinsa bai san bambancin karsana da bijimi ba, in an ce masa an ba da rance a kan shanu sai ya duba takarda ya gyaɗa kai. Cikin shekara biyu banki biyu suka rufe. Don haka da Marlys ta zo, suka ga yadda take sa takalmin roba ta shiga garke da kanta, sai suka yi shawara a taronsu na shekara, a kan teburin cin kaza, cewa kowa ya riƙa ba ta ɗaya.

"Duk shekara muna tuna wa juna," in ji Orville. "In wani ya manta ya rubuta uku, sai na buga masa waya na zage shi."

"Shekara goma sha tara, Orville!" in ji Marlys. "Ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa mini?"

"In mun faɗa miki ai sai ki kai mu ƙara. Ƙarya nake?"

Ta san gaskiya ya faɗa.

Curtis bai saki jiki ba tukuna. "To ta yaya zan san ita ma ba 'yar gidan ba ce?"

"'Yar gida?" Orville ya yi wata irin dariya. "Matar nan ta sa na cire surukina daga kwamitin ba da rance. Shekara huɗu 'yata ba ta gayyace ni cin abincin Kirsimeti ba. Ga waya nan, kira wanda ka ga dama."

Ya kuwa kira. Banki shida ya zaɓa da kansa daga jerin. Biyu sun yi ta kame-kame, sai da Orville ya ɗaga murya daga inda yake ya ce, "Faɗa masa, asiri ya riga ya tonu!" Wata mata a wani banki cewa ta yi tun tana sabuwa aka nuna mata yadda ake cike fom ɗin, ta ɗauka haka doka ta ce. Curtis ya ajiye wayar, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

"Wata uku na yi ina gina rahoto a kan wannan," ya ce. "Marlys, ba zan iya rubuta cewa aikinku yana da kyau ba, ban auna hakan ba. Abin da zan rubuta shi ne ma'aunin bai auna komai ba. Na janye shawarar. Sai an samo wani ma'aunin, kuma hakan zai ɗauki aƙalla shekara biyu."

"Shekara biyu ta ishe ni na kai ritaya a gidana," ta ce.

Ta kwashi fayiloli ta shige ƙaramin ɗakin baya da ake ba masu bincike, ta tura ƙofa. A nan ta zauna, daɗi da haushi suka haɗe mata wuri guda. Ta tuna kowace Janairu da ta koma gida ba ta iya cin abincin kirki ba, ta tuna sau nawa ta tambayi kanta ko dai ita ce ba ta iya zama da mutane ba. Ta yi ɗan kukanta, ta share ido, ta buɗe fayil na farko.

Can sai aka ƙwanƙwasa. Orville ne ya leƙo, kamar wanda ya zo biko.

"To yanzu, wannan karon nawa zan rubuta?"

"Gaskiya za ka rubuta."

"Ai gaskiyar ba ta kai biyar ba, Marlys. Kin cika jinkiri, ga taurin kai."

"Nawa ta kai?"

Ya tsaya yana tunani da gaske, ba wasa, ya fi minti guda.

"Huɗu," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Wannan ne maki na farko da aka taɓa ba ta a kan aikinta, kuma ya yi mata.

"Na karɓa. Yanzu kawo mini takardun shanun da aka ba surukinka rance a kansu, gobe da safe za mu je mu gan su."