Sunan da Ya Maƙale a Dutse

Ni na fara gani, kuma a madubin mota na gani. Duk wanda ya ce muku shi ya riga ni, ku tambaye shi abin da tsohuwar ta sa a ranar, za ku ga ya fara sosa ƙeya. Ni da ambaliya ta cinye gidanmu da makarantarmu rana ɗaya ina yaro, na kwana a kan bishiya na sauko da raina, ni da likita ya yanke rabin cikina na tashi na koma tuƙi a Kyoto har kaina ya yi fari fat, ai ba a ɓoye mini abu a kujerar baya. Karatu ban yi nisa ba, amma fuska a madubi ba ta taɓa gagara ta ba.

Macen da ta zo murnar shekara hamsin da aure, kimono take sawa, tufar biki ta gargajiya. Wannan kuwa wandon gona ta sa, mai faci a gwiwa, ta rungume wata jaka da ta fi ƙarfin yawon yini guda, ta kuma hana ni sa ta a bayan mota. Nan take na ce a raina, yau akwai kallo. Sauran labarin na mijinta ne, Tomezo Kuwabara, kuma da bakinsa ya cike mini abin da idona bai kai ba.

Tomezo manomin tuffa ne daga can arewa, ƙasar dusar ƙanƙara. Gajere ne mai tumbi, muryarsa kamar ta mai kora hankaki daga gona. Ɗansa Noboru da matar ɗan, Chizuru, su suka shirya wa iyayen wannan yawo: mota guda, iyali guda, da jagora tasu ta kansu, Malama Hasebe, wadda ta daɗe tana kai iyalai haikalai da wuraren bauta, ni ina tuƙa su. Al'adarta ce ta bar kowa ya zaɓi wuri ɗaya. Noboru ya zaɓi babban haikali. Tomezo ya ce shi dai a tabbatar akwai abincin rana. Tsohuwar ta zaɓi wani ɗan wurin bauta a gefen tsauni, har Malama Hasebe ta yaba, ta ce ba kowane baƙo ya san shi ba.

Tomezo bai ko tambayi dalili ba. A wurinsa matarsa kamar hannunsa take, kuma mutum ba ya tambayar hannunsa abin da yake so.

A haikalin farko, suna tsaye gaban gunkin Buddha cikin hayaƙin turare, ya daddage ya tafa hannu har sau biyu. Kowa ya waiwayo.

"Baba, a nan ba a tafi," Malama Hasebe ta ce a hankali. "Haɗa hannu kawai ake yi. Tafi sai wurin bautar da za mu je da la'asar."

"Ke!" ya juya wajen matarsa. "Kina kallo ba ki hana ni ba?"

Haka aka yini. Ke, takalmina. Ke, shayi. Ke, gilashina fa? Ita kuwa ta miƙa, ta karɓa, ta goge. Da rana aka kawo awara a ruwan zafi da shinkafa. Ya ci nasa, ya jawo nata da ya ga ba ta taɓa ba, ya nemi ƙarin shinkafa, ya sassauta bel.

"Baba, ka bar wa maraice wuri mana," in ji Chizuru.

"Cikin nawa ne ko na ubanki? Ke," ya juya wajen matarsa, "miƙo mini tsinken sakace."

Wurin bautar da tsohuwar ta zaɓa ƙarami ne. Abin da ake zuwa dominsa wani dutse ne baƙi, tsayin ƙirjin mutum, da rami a gindinsa daidai wanda babba zai ratsa da rarrafe. Shingen gora ya riƙe shi dama da hagu, don haka in kana son ganin bayansa ba tare da ka ratsa ba, sai ka zagaya ta bayan ɗakin bauta. A can bayan akwai wata ƙofa da ke sauka zuwa titi. Suka wanke hannu da baki a kwamin ruwa, Tomezo ya samu ya yi tafinsa ba wanda ya hana shi, sannan Malama Hasebe ta tara su gaban dutsen.

"Wannan dutse aiki biyu yake yi. Ka shiga ta nan gaba ka fita ta baya, ka yanke alaƙa da abin da ya dame ka, ko ciwo ne, ko giya, ko mutum. Sai ka juyo ka dawo ta baya zuwa gaba, ka ƙulla alaƙa ta alheri. Ba a yin ɗaya a bar ɗaya. Wanda ya tafi bai dawo ba, to ya yanke ke nan, babu ƙulli."

"Ni da shugabana na ofis za mu rabu yau," in ji Noboru, yana cire kwat.

"Ka fara rabuwa da taba tukuna," matarsa ta ce.

"Manya kan tsaya su yi kallo," Malama Hasebe ta ci gaba, "saboda gwiwa da..."

Ba ta ƙarasa ba. Tsohuwar ta riga ta durƙusa. Ta tura jakarta cikin ramin, ta bi ta, santsi kamar kifi. Facin gwiwar nan ya yi aikinsa.

Suka yi dariya, Chizuru har da ɗaukar hoto. Ta ƙarƙashin dutsen suna hango ƙafafunta. Ta miƙe, ta kakkaɓe wando, ta rataya jaka.

"Madalla, Inna!" in ji Malama Hasebe. "Yanzu sai ki dawo ta inda kika fita."

"Na ji bayaninki tsaf, 'yar nan. Na gode."

Ƙafafun ba su motsa ba.

Dariyar ta mutu a fuskar kowa. Chizuru ta sauke waya, ta dafe baki. Wani mai hidimar wurin da ke shara cikin farin kaya ya tsaya da tsintsiya a sama. Malama Hasebe ta yi fari kamar awarar da aka ci, ta shiga sunkuyawa tana ba da haƙuri, ita ma ba ta san wa take ba wa ba.

"Inna, wasa kike yi?" Noboru ya leƙa ta saman shinge. "Da wa kika yanke?"

"Ni ce ko, Inna?" in ji Chizuru. "Maganar miyar nan ce ta sabuwar shekara?"

"Miyarki ba ta da gishiri, amma ba ke ba ce. Jirgin yamma zan bi, zan tafi wurin ƙanwata a bakin teku. Ta gyara mini ɗaki."

Sai a lokacin abin ya iso kan Tomezo. Ya dubi ramin, ya dubi ɗansa. Abin da ya fara zuwa masa a rai, don kunya, shi ne bai san inda ake ajiye maganin hawan jininsa ba. Na biyu kuwa gidan ne, da sanyin arewa, da shi kaɗai a ciki yana magana da bango.

"Ke! Wane irin hauka ne wannan? Dawo nan!"

"Wa kake kira?"

"Ke mana!"

"Ita ce na yanke yanzun nan. Shekara hamsin ana kiranta, ta gaji, ta mutu a cikin dutse. Wadda ke tsaye a nan tana da sunan da ubanta ya raɗa mata. Ka kira ta da shi, sau ɗaya tak, ka gani ko za ta amsa."

Noboru ya yi ajiyar zuciya har da 'yar dariya. "Shi ke nan? Baba, faɗi mana mu tafi."

Tomezo ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya buɗe baki.

Babu komai.

Ya laluba cikin kansa. Sunan kowace irin tuffa yana nan. Sunan karensu da ya mutu tun Noboru na goye yana nan. Sunan dillalin da ya cuce shi a shekarar ƙanƙara yana nan daram. Inda sunanta ya kamata ya kasance, fili ne fetal. Gumi ya karyo masa. Bakinsa na buɗe, iska kawai ke shiga.

"Baba..." Noboru ya ja da baya kamar ya ga fatalwa. "Baba, ba dai ka manta ba?"

"Yi mini shiru! Yana bakina!"

Noboru ya matso zai raɗa masa a kunne.

"Noboru," muryar ta fito ta bayan dutse, a sanyaye. "Ka faɗa masa, ka shiga lissafin."

Noboru ya koma inda yake tsaye. Ƙafafun suka ɗan jira. Daga nan suka juya, suka nufi ƙofar baya, taku ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa.

Tomezo bai yi shawara da kowa ba. Ya ga inda ta bi, ya faɗa ciki da ka.

"Baba, a'a!" Malama Hasebe ta ƙwalla ihu, ita da ban taɓa jin ta ɗaga murya ba. "Ba ta nan ba! In ka fita kai ma ka yanke! Zagayawa ake yi!"

Ina! Kai ya wuce, kafaɗu suka wuce. Awara kwano biyu da ƙarin shinkafa suka ce ba da su ba. Ya tsaya cak, rabinsa a duniyar masu aure, rabinsa a ta gwauraye, ƙafafunsa na harbin iska. Noboru ya kama ƙafa ɗaya, ni da na biyo su daga mota na kama ɗaya, muka ja, takalmi kawai ya biyo mu. Mai hidima ya yar da tsintsiya yana cewa tun zamanin kakansa ba a taɓa ganin haka ba.

A ciki, dutsen ya danne masa ƙirji. Sanyi, duhu, numfashi ba ya kaiwa ƙasa. Ta bakin ramin yana hango bayanta tana ƙara ƙanƙancewa. Wannan sanyi da wannan nauyi sai suka tuno masa wata rana a hunturun farko na aurensu, da dusar ƙanƙara ta zamo daga rufin rumbu ta binne ta har ba a ganin ko gashinta. Da hannu ya tona, farcensa na jini, yana ihu kamar mahaukaci. Abin da yake ihun a ranar shi ya taso masa daga can ƙasan tumbi, ya fashe.

"Fusae! Fusae!"

Tsuntsaye suka tashi daga bishiya. Ta tsaya da hannu ɗaya a kan ƙofar. Ta daɗe a haka, har na ce a raina ta tafi. Sai ta juyo, ta dawo, ta tsuguna daidai fuskarsa da ta yi ja kamar tuffar gonarsa.

"Ashe sai an matse ka yake fitowa."

"Fusae, ja ni, zan mutu."

"In na ja ka, ka yanke. In ja?"

Yana haki ya ce, "Tura ni."

Ta ajiye jaka, ta dafa tsakiyar sanƙonsa da hannu biyu, hannun da ya yi shekara hamsin yana ɗaukar akwatunan tuffa. "Fitar da numfashi, tsohon banza. Ku kuma can, ku ja!" Muka ja, ta tura. Bel ya tsinke, ƙarfensa ya karci dutse, Tomezo ya fito da baya kamar an cire toshiyar kwalba, ya zauna daɓas a kan ƙafata.

Muka zuba wa ramin ido, ba mai numfashi. Jaka ce ta fara leƙowa. Sannan farin kai.

Malama Hasebe ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka. Noboru ya tambayi mai hidima ko na ubansa ya ƙirgu. Mutumin ya sosa kai ya ce a saninsa dai wanda bai fita ba bai yanke ba.

"Kada ka yi murna da yawa," Fusae ta ce wa mijinta tana kakkaɓe gwiwa. "Ɗakin nan na bakin teku ba a rushe shi ba."

A hanyar komawa, Tomezo na riƙe da wandonsa da hannu. Muna gab da gada ƙishirwa ta kama shi.

"Ke..."

Na ga idanu shida sun zaro a madubi. Ƙafata da kanta ta taka birki. Fusae ta ɗora hannu a kan jaka.

Tomezo ya sake gwadawa. "Fusae. Ko akwai sauran shayi?"

"Akwai," ta ce. Ta miƙa masa gorar, ba ta buɗe masa ba. Sai da ya juya murfin hagu da dama kafin ya gane yadda ake yi.

Wanda ya ce ƙarya nake, ga tsaunin can bai gusa ba. Ya je ya durƙusa ya shafa rufin ramin ta hannun dama, zai ji karcin ƙarfen bel. In bai gamsu ba ya zo ya same ni, in kai shi da kaina, in saya masa awara kwano biyu da ƙarin shinkafa, ya shiga da ka. Sai mu ji sunan da zai fito daga bakinsa, in ma akwai.