Babur Mai Zaɓen Mahayi

Tsinke ya turo babur ɗinsa cikin garejin yayansa yana huci. Sunan ya bi jiki, don in ya juya gefe sai ka neme shi ka rasa. Ya ce da zarar ya ba babur ɗin wuta a miƙaƙƙen titi, sai kan ya kama rawa kamar mai jin sanyi, har ya nemi ƙwace masa. Ga shi tseren da ya daɗe yana wa shiri ya matso.

Yayan, wanda ake kira Tulu saboda tumbinsa, bakanike ne mai son bin diddigi. Ya ɗora gaban babur ɗin a kan kututture, ya juya taya ko ta goce, ya ga lafiya lau. Ya kwance wuyan babur ɗin, ya tarar boris ɗin da kan ke juyawa a kansu sun ɗan ci, ya sa sababbi ya cika su da giris. Ya daidaita iska, ya canja man shokazoba. Sannan ya hau da kansa ya nufi tsohon titin bayan masana'antu inda mota ba ta bi. Ya murɗa totur har iska ta kumbura masa riga, babur ya tafi sumul kamar an ja zare.

Tsinke ya hau, ya dawo fuska a murtuke. Rawar tana nan.

Suka yi ta musanya har rana ta take, labarin bai sauya ba. Matar Tulu, da ta kawo musu abinci, ta ce ai babur ɗin mai tarbiyya ne, ya san babba. Tsinke kuwa ya fara gunaguni wai Yaya tsoron gudu yake yi, shi ya sa bai ji komai ba. Abin da ke cin Tulu daban ne: ƙarfe ba shi da ido, to ta yaya yake gane wanda ya hau shi?

Washegari ya ari babur ɗin maƙwabci, ya jera da ƙanensa yana kallonsa. A nan ya ga abin. Gudu na ƙaruwa, Tsinke na zamewa baya, ya kwanta, ya sandare hannuwa. Tayar gaba sai shafar kwalta take yi, babu nauyin da zai danne ta.

Da suka koma, Tulu ya cika ƙaramin buhu da yashi ya ɗaure a kan tanki.

"Yaya, da wannan zan shiga tsere?"

"Ba gyara ba ne, tambaya nake yi masa. Je ka dawo mini da amsa."

Tsinke ya je ya dawo yana dariya. Ko gezau kan bai yi ba.

Daga nan aiki ya zo da sauƙi. Ashe wanda ya sayar musu da babur ɗin ƙato ne, ya sa wa shokazoba sifirin masu tauri daidai nauyin jikinsa. Tulu ya sa masu laushi, mai gyaran kujeru ya yi wa mazaunin tudu ta baya don kada Tsinke ya zame, aka ɗaura ɗan shokazoba a wuyan babur ɗin don ya tare rawar. Abin da ya fi ba su wuya shi ne mahayin. Sai da Tulu ya yi ta fama kafin Tsinke ya koyi matse tanki da gwiwa ya sassauta hannu.

Ranar tsere Tsinke ya zo na huɗu, wani dattijo mai jan babur ya cinye. Tsinke ya cire hular kwano yana waige-waige, yana jiran Yaya ya zo ya dafa shi. Can ya hango shi tsugune gaban jan babur ɗin, yana laluben wuyansa da yatsa, dattijon na tsaye a kansa yana bayani da hannu biyu. Sai da aka fara kwashe kujeru kafin Tsinke ya samu ya janye yayansa zuwa gida.